Kalmomin Turanci Masu Wuyar Rubutawa da Ma'anoninsu: Tambayoyi da Amsoshi

Me ya sa rubutun Turanci ba ya bin furuci kamar yadda na Hausa yake bi?

Wanda ya saba rubuta Hausa da boko ya saba da abu guda: abin da kunne ya ji, shi hannu yake rubutawa. Turanci bai yi wa kowa wannan alkawarin ba. Haruffansa 26 ne, amma sautukan da ake furtawa sun kai kimanin 44. Wasula kaɗai sun kusa 20 a Turancin Ingila, alhali haruffan wasali biyar ne, sai *y* da ke kama musu aiki wani lokaci. Dole harafi guda ya ɗauki sautuka da yawa, sauti guda kuma a rubuta shi ta hanyoyi da yawa.

Sauran dalilin tarihi ne. A 1066 Normawa masu magana da Faransanci suka ci Ingila da yaƙi, kalmomin Faransanci suka kwararo cikin harshen tare da salon rubutunsu. A 1476 William Caxton ya kafa injin buga littattafai na farko a Ingila, rubutu ya fara tsayawa a kan siga ɗaya. Matsalar ita ce, a daidai wannan zamanin, daga wajen 1400 zuwa 1700, furucin dogayen wasulan Turanci yana ta sauyawa. Rubutu ya tsaya, baki bai tsaya ba. Kalmar *name* da ake furtawa "neim" a yau, a da ana faɗinta kusan yadda Bahaushe zai karanta ta, da dogon "a". Kalmar *knight*, wato jarumin mahayi, a da ana furta *k* ɗinta, ana kuma furta *gh* da wani sauti na maƙogwaro.

Akwai kuma haruffan da masana suka cusa da gangan. An saka *b* a *debt*, wato bashi, da *doubt*, wato shakka, don a nuna asalinsu na Latin, ko da yake ba a furta ta. An saka *s* a *island*, wato tsibiri, bisa kuskuren zaton cewa danginta ɗaya da *isle*.

Abin da za a riƙe daga wannan duka: rubutun Turanci ya fi nuna asalin kalma da danginta fiye da yadda ake faɗinta. Wanda ya dogara da kunne kaɗai zai yi ta faɗuwa.

To ta yaya sanin dangin kalma yake taimakawa?

Nan ne ribar take. Harafin da ya yi shiru a wata kalma yakan yi magana a 'yar'uwarta. Ba a jin *g* a *sign*, amma ana jinta a *signature* da *signal*. Ba a jin *b* ta ƙarshe a *bomb*, ana jinta a *bombard*. Haka *c* ta *muscle* take fitowa a *muscular*, *n* ta *column* a *columnist*, *n* ta *condemn* a *condemnation*.

Wannan dabarar ta fi amfani a kan wasalin da ba a danna shi. A Turanci kowace kalma mai gaɓa biyu ko fiye tana da gaɓar da ake ɗora wa nauyin murya, sauran gaɓoɓin kuma wasalinsu yakan dushe ya koma wani gajeren sauti da ba "a" ba ne, ba "e" ba ne, ba "o" ba ne. Yawancin kurakuran manyan kalmomi a wurin nan suke. Mutum ya rubuta *definately* domin kunnensa bai gaya masa komai ba. Da ya tuna *finite* da *definition*, da ya ga *i* ce, ya rubuta *definitely*. Haka *competition* ana gane *e* ɗinta daga *compete*, *medicine* ana gane *c* ɗinta daga *medical*, *government* kuma ba za a manta da *n* ba idan an tuna *govern* ce aka ƙara wa *ment*.

Sai dai dangi ma sukan saɓa, kuma waɗannan sai hadda: *pronounce* tana da *o* bayan *n* ta farko, *pronunciation* ba ta da ita. *Maintain* ta zama *maintenance*. *Four* da *fourteen* suna da *u*, *forty* babu.

Yaushe ake ninka baƙin ƙarshe kafin a ƙara *ing* ko *ed*?

Wannan ƙa'ida ce mai ƙarfi, ta cancanci a zauna a kanta.

Idan kalma gaɓa ɗaya ce, wasalinta harafi ɗaya, ta kuma ƙare da baƙi ɗaya, ana ninka baƙin: *stop* ta zama *stopping*, *plan* ta zama *planned*, *big* ta zama *bigger*. Idan wasalin haruffa biyu ne, kamar *rain*, ko baƙaƙen ƙarshe biyu ne, kamar *help*, ba a ninkawa: *raining*, *helped*. Ba a ninka *w* da *x* da *y*: *snowing*, *fixed*, *playing*.

Dalilin ninkawar shi ne a tsare gajartar wasali. Dubi *hopping* da *hoping*. Ta farko daga *hop* take, tsalle. Ta biyu daga *hope*, fata. Harafi guda ya raba mai tsalle da mai fata. Haka *planning*, tsarawa, da *planing*, fere katako.

Idan kalmar ta wuce gaɓa ɗaya, sai a saurari inda nauyin murya yake. In a gaɓar ƙarshe yake, a ninka: *begin* ta zama *beginning*, *occur* ta zama *occurred*, *admit* ta zama *admitted*. In a gaɓar farko yake, a bari: *offer* ta zama *offered*, *visit* ta zama *visiting*, *open* ta zama *opening*. Shi ya sa *referred* take da *r* biyu amma *reference* take da ɗaya, domin a ta biyun nauyin ya koma gaɓar farko.

Kuskuren da aka fi yi shi ne *writting*. *Write* da *e* ta ƙare, ana cire *e* ɗin ne kawai a samu *writing*. Abin da ke ruɗa mutane shi ne *written*, wadda wasalinta gajere ne, don haka take da *t* biyu.

Kalmomin da suka ƙare da *c* kuwa *k* ake ƙara musu don kada sautin ya koma "s": *panic* ta zama *panicked*.

Kalmomi irin su *accommodate* da *disappear* fa, ta yaya zan san harafin da ake ninkawa?

Ka rarraba kalmar. Ɗafa-goshi, wato guntun da ake ƙara wa kalma a farkonta, ba ya canza rubutun tushen kalma, manna shi kawai ake yi. *Dis* da *appear* sun ba da *disappear*: *s* ɗaya, *p* biyu. *Dis* da *satisfied* sun ba da *dissatisfied*, *s* biyu, domin kowane ɓangare ya zo da tasa. Haka *mis* da *spell* suka zama *misspell*, *un* da *necessary* suka zama *unnecessary*, *il* da *legal* suka zama *illegal*. *Recommend* *re* ce da *commend*, don haka *c* ɗaya, *m* biyu. *Accommodate* kuwa ɗafa-goshi biyu ta haɗa, *ac* da *com*, shi ya sa *c* biyu, *m* biyu.

Ɗafa-ƙeya, wato guntun da ake ƙarawa a ƙarshen kalma, ma haka: *real* da *ly* sun ba da *really*, *mean* da *ness* sun ba da *meanness*. *Ful* a ƙarshen kalma *l* ɗaya gare ta, *beautiful*, *careful*, sai an ƙara *ly* ta zama *carefully*.

Akwai 'yan kaɗan da rarrabawa ba za ta yi wa mai koyo amfani ba, sai a haddace ƙirgensu. *Necessary*: *c* ɗaya, *s* biyu. *Occasion*: *c* biyu, *s* ɗaya. *Embarrass*, kunyatarwa: *r* biyu, *s* biyu. *Harass*, tsangwama: *r* ɗaya, *s* biyu. *Tomorrow*: *m* ɗaya, *r* biyu. *Committee*: *m* biyu, *t* biyu, *e* biyu. *Questionnaire* *n* biyu, amma *millionaire* *n* ɗaya.

Ƙa'idar nan ta "*i* kafin *e* sai dai bayan *c*" gaskiya ce?

Rabinta. Tana aiki ne kawai idan sautin dogon "i" ne, irin na "kifi": *believe*, *field*, *chief*, *piece*, sannan bayan *c*, *receive*, *ceiling*, *deceive*, *receipt*. Ko a nan ma akwai masu bijirewa: *seize*, *protein*, *species*, da *weird* mai kusancin sauti. Idan sautin "ei" ne, *ei* ake rubutawa: *eight*, *weight*, *neighbour*. *Science*, *height*, *foreign*, *their* da *friend* ba ruwansu da ƙa'idar.

Ana cire *e* ta ƙarshe ko ana barinta? *Y* kuma yaushe take komawa *i*?

Ana cire *e* idan abin da za a ƙara da wasali ya fara: *make*, *making*, *use*, *usable*. Ana barinta idan da baƙi ya fara: *hopeful*, *movement*. Ana kuma barinta bayan *c* ko *g* idan *a* ko *o* ce za ta biyo, don sautin ya ci gaba da laushi: *noticeable*, *changeable*, *courageous*. Da an cire ta, *c* ɗin *noticeable* sai ta koma "k". Masu saɓa ƙa'ida da aka fi haɗuwa da su huɗu ne: *argument*, *truly*, *ninth*, *wholly*.

*Y* tana komawa *i* idan baƙi ne ya gabace ta: *carry*, *carried*, *happy*, *happiness*. Ba ta komawa kafin *ing*: *carrying*, *studying*. Idan wasali ne ya gabace ta tana nan: *played*, *enjoyed*, in ban da *paid*, *said* da *laid*.

Akwai kurakuran da masu jin Hausa suka fi yi fiye da sauran masu koyo?

Akwai, kuma daga baki suke tasowa kafin su iso takarda. Hausa ba ta raba *p* da *f* a matsayin sautuka biyu masu bambanta ma'ana, ba ta kuma da *v* da *th*. Wanda bai raba su a furuci ba zai cakuɗa su a rubutu: *pull* da *full*, *pan* da *fan*, *copy* da *coffee*, *vote* da *boat*, *think* da *sink*, *breathe* da *breeze*.

Gyaran daga leɓe yake farawa. *P*: leɓɓa biyu su haɗu su rufe, iska ta fashe. Ka riƙe 'yar takarda a gaban bakinka, in ka faɗi *pan* daidai za ta motsa da ƙarfi. *F*: haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa, iska ta zirara, kuma za ka iya jan sautin muddin kana da numfashi. *V* wurinta ɗaya da *f*, sai dai maƙogwaro yana rawa. *Th*: kan harshe tsakanin haƙora. Minti biyar a rana a gaban madubi, kana faɗin kalmomin bibbiyu kana rubuta su, ya fi haddace jerin kalmomi ɗari.

Na biyu shi ne wasula: *live* da *leave*, *sit* da *seat*, *this* da *these*, *been* da *being*. A nan mai jin Hausa yana da gata, domin kunnensa ya riga ya san gajere da dogon wasali, ko da rubutun boko bai nuna su ba. Sai kuma *cause*, dalili, *course*, kwas ko hanya, da *curse*, tsinuwa. *Order*, umarni ko tsari, da *other*, wani. Waɗannan injin gyaran rubutu ba ya kama su.

Kalmomin da suka yi kama amma ma'anarsu ta bambanta fa?

Kada ka taɓa haddace su su kaɗai. Kowace ka saka ta a jimlarka.

*Lose* rasawa ce ko shan kaye, ana furta ƙarshenta da "z". *Loose* sako-sako ne, da "s". *Affect* yawanci aikatau ce, yin tasiri a kan abu. *Effect* yawanci suna ce, tasirin kansa. *Principal* shugaban makaranta ne, ko abu mafi muhimmanci, ko uwar kuɗi a harkar bashi. *Principle* ƙa'ida ce ko aƙida. *Stationary* abin da ke tsaye ba ya motsi. *Stationery* kayan rubutu, a tuna *e* ɗinta da *envelope*. *Compliment* yabo; *complement* abin da ke cika wani, danginta *complete*. *Eminent* mashahuri, *imminent* abin da ke dab da faruwa. *Quiet* shiru, *quite* sosai ko da ɗan dama. *Weather* yanayi, *whether* ko.

*Its* da *it's* gwajinsu mai sauƙi ne: in za ka iya cewa *it is* ko *it has* a wurin, saka waƙafin sama. In mallaka kake nufi, kada ka saka. Gwajin nan yana aiki a *your* da *you're*, *their* da *they're*, *whose* da *who's*.

Wasu kuma rubutunsu ne yake yaudara game da ma'ana. *Invaluable* ba marar daraja ba ne, abin da darajarsa ta wuce ƙiyasi ne. *Inflammable* da *flammable* ma'anarsu ɗaya, abu mai saurin kama wuta, kuma wannan kuskure ne da zai iya jawo asara a wurin aiki. *Sensible* mai hankali ne, *sensitive* mai saurin jin abu. *Economic* abin da ya shafi tattalin arziki, *economical* mai tsimi.

Ta yaya zan gane ma'anar doguwar kalma ba tare da buɗe ƙamus ba?

Ka koyi saiwoyin Latin da Girkanci, ko da talatin ne. *Port* ɗauka: *transport*, *export*, *portable*. *Scrib* ko *script* rubutu: *describe*, *manuscript*. *Spect* kallo: *inspect*, *spectator*. *Dict* faɗi: *predict*, *contradict*. *Bene* alheri, *mal* sharri: *benefit*, *malicious*. *Chron* lokaci: *chronic*, cutar da ta daɗe. *Bio* rai, *graph* rubutu: *biography*, tarihin rayuwa.

Asalin kalma yana kuma gaya maka yadda za a rubuta ta. In daga Girkanci take, ka sa ran *ph* a madadin *f*, *ch* mai sautin "k", *y* a tsakiya, da *ps*, *pn* ko *rh* a farko: *psychology*, *pneumonia*, *rhythm*, *chemistry*. Yawancin kalmomin likitanci da kimiyya a wannan layin suke. In daga Faransanci take, *ch* takan zama "sh", *eau* takan zama "o", baƙin ƙarshe yakan yi shiru: *machine*, *bureau*, *debris*. Shi ya sa a babbar gasar rubuta kalmomi ta yara a Amurka, wadda aka fara a 1925, ake ba ɗan takara damar tambayar ma'anar kalma da harshen da ta fito kafin ya fara jera haruffa.

Hasashe dai hasashe ne. In kalmar tana cikin takardar yarjejeniya ko umarnin magani, buɗe ƙamus.

*Able* ko *ible*? *Cede*, *ceed* ko *sede*?

In ka cire ɗafa-ƙeyar ka ga cikakkiyar kalma ta rage, galibi *able* ce: *comfortable*, *readable*. In guntu ne ya rage, galibi *ible*: *visible*, *possible*, *audible*. *Accessible* da *flexible* sun saɓa.

Ta biyun ta fi daɗi, domin a ƙirge take. *Supersede* kaɗai ke da *sede*. Uku ke da *ceed*: *proceed*, *exceed*, *succeed*. Sauran *cede* ne: *precede*, *concede*, *recede*. A lura, *procedure* ba ta ninka *e* ba.

Wace hanya ce mafi inganci ta haddacewa? Kalma nawa a rana?

Biyar zuwa takwas, cikin minti goma zuwa goma sha biyar. Wanda ya ɗauki hamsin a rana guda zai wayi gari da ruɗani.

Ka fara da kalmomin da kai kanka kake kuskurewa, daga takardunka da aka gyara ko saƙonninka, ba jerin da wani ya tara ba. Kowace kalma ka bi da ita haka. Ka duba ta a ƙamus, ka tabbatar da rubutu da ma'ana, ka saurari furucinta. Ka nemo inda take kayar da kai, domin kalma ba ta yin wuya gaba ɗayanta, harafi ɗaya ne ko biyu. A *separate* *a* ta tsakiya ce. Ka ja mata layi da jan biro. Ka rufe kalmar, ka rubuta ta da ka, sannan ka buɗe ka gwada harafi da harafi. In ka kuskure, kada ka gyara harafin kaɗai, sake rubuta kalmar daga farko. Daga nan ka ƙirƙiro jimla taka da ita.

Kwafar kalma sau ashirin tana gabanka ba ta da amfani sosai, domin ido ne ke aiki, ƙwaƙwalwa na hutawa. Ƙoƙarin tunowa shi ne yake dasa ta.

Sai bita. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus, masanin halayyar ɗan Adam na Jamus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan koyo, sannan ta lafa. Don haka ka sake gwada kanka washegari, sai bayan kwana uku, sai mako, sai mako biyu, sai wata. Ƙananan katuna da akwati uku sun isa: ma'ana a fuska ɗaya, kalmar a ɗaya fuskar. Akwatin farko kullum, na biyu sau biyu a mako, na uku sau ɗaya a mako. Katin da ka ci ya matsa gaba, wanda ka faɗi ya koma na farko. Manhajar Anki wannan aikin take yi a waya. Sau ɗaya a mako ka sa wani ya yi maka shifta da cikakkun jimloli.

Wata dabara da ta dace da mai karatun Hausa: ka karanta kalmar a zuciyarka kamar Hausa ce, kowane harafi da sautinsa. *Wed-nes-day*, *Feb-ru-a-ry*, *bu-si-ness*, *co-lo-nel*, *par-li-a-ment*. Wannan furucin na hannu ne kawai. Kada ya fita baki, musamman *colonel*, wato kanar, wadda ake faɗi kamar *kernel*.

Tunda waya da kwamfuta suna gyara rubutu, me ya sa zan wahala?

Domin suna duba ko kalmar tana cikin ƙamus ne, ba ko ita kake nufi ba. *Form* a madadin *from*, *manger* a madadin *manager*, *loose* a madadin *lose*, duk sukan wuce. Ga shi kuma ba sa shiga ɗakin jarrabawa. Ka bar jan layin nan da ke fitowa a ƙarƙashin kalmar da aka kuskure yana aiki, amma ka kashe gyaran da ke sauya kalma da kansa. Idan layi ya fito, gwada gyarawa da kanka kafin ka taɓa shawarar da aka ba ka, sannan kalmar ta shiga katunanka.

*Colour* ko *color*? Wanne ne daidai?

Duka biyun. Ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755 ya taimaka wajen tsayar da rubutun Ingila, na Noah Webster na 1828 kuma ya yaɗa sauƙaƙan sigogi a Amurka. Ingila: *colour*, *centre*, *defence*, *travelled*, *manoeuvre*. Amurka: *color*, *center*, *defense*, *traveled*, *maneuver*. A Turancin Ingila *practice* da *licence* suna ne, *practise* da *license* aikatau. A tuna da *advice* da *advise*, inda kunne ke jin bambancin. Amurkawa *practice* da *license* suke rubutawa a duka biyun.

*Organise* da *organize* duka sun halatta a Ingila, Amurka kuma *ize* take bi. Amma *advertise*, *surprise*, *exercise* da *supervise* da *s* suke a ko'ina. Ka bi tsarin da makarantarka ko wurin aikinka ke bi, ka saita harshen kwamfutarka a kansa, kada ka gauraya biyun a takarda guda.

Ina cikin jarrabawa, kalma ta shige mini duhu. Me zan yi?

Rubuta sigogi biyu ko uku a gefen takarda ka dube su. Idon da ya saba karatu yakan gane wadda ya taɓa gani. In bai gane ba, cire ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya ka rubuta tushen, sannan ka mayar da su. In har yanzu da shakka, nemo 'yar'uwar kalmar da ake jin harafin a cikinta. In duk sun ƙi, kuma ba kalmar aka tambaye ka kai tsaye ba, sauya ta da wadda ka tabbatar: *needed* a madadin *necessary*, *happened* a madadin *occurred*, *shame* a madadin *embarrassment*. Kada ka ba kalma guda fiye da rabin minti.